Furen-Yini: Saiwa Ake Saye, Ba Hoto Ba



Sharhinmu na yau a kan wata shukar ado ce da wataƙila wasunku sun ci karo da hotonta a waya, masu talla suna kwarzanta ta ga duk mai son ƙawata tsakar gida. Mutanen Ingila da Amurka suna ce mata deilili, masana tsirrai kuma Hemerokalis. Mu bari mu kira ta furen-yini, domin iyakar rayuwar kowane fure nata ke nan. Da sassafe yake buɗewa, kunnuwa shida a baje, ya yini yana sheƙi, kafin gari ya sake wayewa ya yanƙwane ya naɗe, ba kuma zai ƙara buɗewa ba. Wanda bai san shukar ba sai ya ce asarar kuɗi ce. To amma kowane kara da ta fitar yana ɗauke da ƙullin furanni masu yawa, wani 15, wani 20, wani ya haura haka, kuma bi da bi suke buɗewa. Idan gindi ya yi ƙarfi ya fitar da karare da dama, sai a shafe makonni ana ganin sabon fure kowace safiya.

Ganyenta dogaye ne sirara, suna fitowa hagu da dama a baje kamar mafici, kuma da wannan maficin ake ƙirga ta wajen ciniki: mafici ɗaya, mafici biyu. A ƙarƙashin ƙasa ba ta da kwai irin na albasa kamar ainihin furen lili, wanda mutane ke yawan rikita ta da shi. Saiwoyi gare ta masu kauri, wasu a kumbure, inda take ajiye ruwa da abinci. Masana ma a yanzu suna lissafa ta a dangi ɗaya da alobera. A waɗannan saiwoyi ƙarfinta yake, kuma a kansu nake so maganarmu ta tsaya.

Asalinta gabashin Asiya ne, wato Sin da Koriya da Japan. Mutanen Sin sun daɗe da ita ƙwarai, kuma ba don ado kaɗai ba. A yankin Datong da ke lardin Shanxi a arewacin ƙasar, da Qidong a lardin Hunan, noma ta ake yi gona-gona. Manoman Datong kan fita tun da duhu a watannin Yuli da Agusta su tsinke ƙullin kafin ya buɗe, a turara shi, a shanya a rana, a sayar busasshe don miya. Noman ya yi girman da har shugaban ƙasar, Xi Jinping, ya je gonakin Datong a watan Mayun 2020 ya duba yadda sana'ar ke fitar da ƙauyawa daga talauci. Shukar da manomi ke dogara da ita don ciyar da iyali ba raguwa ba ce.

Ta isa Turai tun ƙarni na 16, kuma masanin nan ɗan Suwidin, Linnaeus, ya raɗa mata sunan kimiyya a 1753. Baƙin da suka ƙaura Amurka suka tafi da wata mai launin lemo. Ta fita daga gidaje ta bi gefen hanya da bakin kwata, har yau tana nan a kufan gidajen da masu su suka daɗe da tashi, ba mai ba ta ruwa, ba mai yi mata taki. Wasu jihohin Amurka ma sun sa ta a jerin tsirran da ke mamaye wuri su kori na asali. Daga wannan ne sunan furen-yini ya fita a matsayin shukar da ba ta mutuwa.

Launukanta na asali kaɗan ne, rawaya da ruwan lemo da wani ja-ja mai duhu. Wani malamin makaranta a Ingila, George Yeld, shi ya fara haɗa iri a ƙarshen ƙarni na 19. Amma wanda ya buɗe ƙofar sosai shi ne Arlow Stout na lambun binciken tsirrai na birnin New York, wanda ya shafe shekaru yana barbarar wannan da wancan har sau dubbai, ya kuma wallafa littafi a kanta a 1934. A 1946 masu sha'awarta suka kafa ƙungiya a garin Shenandoah na jihar Iowa, kuma ita ce ke riƙe da rajistar sunayen ire-irenta na duniya baki ɗaya. Yau sunayen da ke cikin rajistar sun haura 80,000. Akwai ja, da ruwan hoda, da shunayya, da mai ido a tsakiya, da mai baki a tattare, da mai kunnuwa zara-zara.

A nan ne matsalar take. Sunan juriya tsofaffin ire-iren ne suka samo shi, amma ana sayar da sababbin da wannan suna. Da yawa daga masu haɗa iri na wannan zamani fuskar fure suke kallo, domin ita ke cin gasa, ita ke sa a biya dala 100 ko fiye a kan mafici ɗaya. Ana renon irin waɗannan cikin gata, ga taki a kan kari, ga feshi, ga ruwa ba yankewa. Ranar da suka faɗo hannun mai gida wanda ke da aikinsa da hidimar iyali, sai su fara ja da baya. Ban ce duk sabon iri rago ba ne. Abin da nake cewa shi ne hoto ba ya nuna juriya, kuma mai lambun gida juriya ya kamata ya fara tambaya, kyau ya biyo baya.

Tambayar farko kafin a ciro kuɗi: yaya ganyen wannan iri yake yi idan sanyi ya zo? Kashi uku ne. Akwai mai barci, wanda ganyensa ke bushewa ƙurmus lokacin sanyi, ya kwanta a ƙasa, sai yanayi ya juya ya farfaɗo. Akwai wanda yake kore shar duk shekara. Akwai na tsaka-tsaki. Mai barci na ƙasashen ƙanƙara ne, kuma yawanci yana bukatar wannan hutu na sanyi. Idan aka kai shi inda babu irin wannan sanyi, yakan yi fure a shekarar farko da ƙarfin da ya zo da shi, daga nan ya riƙa ƙanƙancewa har ya ɓace. Ku ɗauki Stella de Oro, wanda Walter Jablonski ya fitar a 1975, ya ci babbar lambar yabo ta ƙungiyar a 1985. Gajere ne mai ruwan zinare, yana maimaita fure, kuma babu irin da ya kai shi yaɗuwa a Amurka, har a bakin kantuna da tashoshin mai. Shi za a fara nuna muku idan kun bincika. Amma mai barci ne. Ɗan'uwanmu da ke zaune a Landan ko Chicago zai ji daɗinsa. Mai zaune a ƙasar zafi kuwa ya nemi marar barci, irin waɗanda aka haɗa a jihohin kudancin Amurka masu ɗumi, Florida da Louisiana. Misali ɗaya shi ne Joan Senior, mai launi kusa da fari, wanda aka yi wa rajista a 1977.

To ina mu a cikin wannan lissafi? Gaskiya ɗaya ce, furen-yini ba ɗan ƙasarmu ba ne, kuma ba ko'ina zai yarda da mu ba. Inda na fi sa masa rai shi ne kan tuddai. Jos tana kusan mita 1,200 sama da teku, tsaunin Mambila ya fi haka, haka ma tuddan Adamawa da ke Kamaru wajen Ngaundere suna da sanyin dare. A irin waɗannan wurare, inda ake noman dankalin Turawa da ganyen shayi da kayan lambu masu son sanyi, marar barci yana da kyakkyawar dama. A Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram kuwa, inda zafin watan Afrilu kan haura digiri 40, aiki ne ja. Saiwarta na jure fari na ɗan lokaci, wannan gaskiya ne, amma zafi mai tsanani idan ya haɗu da jiƙaƙƙiyar ƙasa yana ruɓar da wuyan shukar, wato mahaɗar ganye da saiwa, kuma da wuyan ya ruɓe magana ta ƙare. Wanda ya nace a can sai ya nema mata inda ranar safe ke taɓawa, inuwar gini ko ta bishiya ta rufe ta daga azahar, ya kuma sa a ransa cewa gwaji yake yi.

Akwai wata cuta da dole mai saye ya san da ita. Tsatsar ganye ce, wani nau'in funfuna da asalinsa Asiya, wanda aka fara gani a Amurka a shekarar 2000 a jihar Georgia, cikin ɗan lokaci ya bazu jihohi da dama. A inda ake ƙanƙara, ganye na mutuwa cutar ta mutu tare da shi. A ƙasar ɗumi kuwa, inda ganye ba ya bushewa, tana nan shekara da shekaru. Kun ga ke nan irin da ya dace da mu shi ne kuma wanda cutar ta fi samun wurin zama a jikinsa. Gwajinta ba wuya. Ɗauki farin ƙyalle ko farar takarda mai laushi, ka kama ganye ɗaya daga ƙasa, ka shafo bayansa daga gindi zuwa sama. Idan ka ga gari mai ruwan lemo ya ɓata ƙyallen, ajiye wannan tukunya, kada ma ka ɗauki ta kusa da ita. Ire-iren sun bambanta ƙwarai wajen jure wannan cuta. A lambu ɗaya za ka ga wani ya yi kaca-kaca, na gefensa ko ɗigo babu. Na gefen shi ne naka.

Shi ya sa nake cewa a je lambun mai sayarwa da ƙafa, gani ya kori ji. Kuma kada a je da safe. Da safe kowane fure kyakkyawa ne. A je da la'asar, bayan ya sha rana, a ga wanda launinsa ya koɗe, da wanda kunnuwansa suka narke, da wanda yake nan daram. Masu launi mai duhu, ja da shunayya, su suka fi saurin ƙonewa, masu rawaya da ruwan lemo sun fi haƙuri da rana. A dubi karan: yana tsaye da kansa sama da ganye, ko ya kwanta? A ƙirga ƙullin da ke kai, har da gurbin waɗanda suka riga suka faɗi. A tambayi mai lambu, "Malam, shekara nawa wannan ya yi a hannunka, kuma sau nawa ka raba shi?" Irin da ya yi shekaru a garinku yana ninkuwa ya riga ya amsa duk tambayar da za ku yi. Mazauna kan tudu su ƙara tambaya ɗaya, ko furen yana buɗewa sosai bayan dare mai sanyi, domin wasu ire-iren sukan tsaya rabi. Daga ƙarshe a roƙi izini a zare shukar daga leda a ga saiwa. A matsa wuyan da yatsa. Ya zama da tauri, ba ruwa-ruwa, ba wari.

Batun ƙwayar iri da ake tallatawa a intanet kuwa, ku yi hattara. Har yau babu furen-yini mai launin shuɗi na gaskiya, duk ƙoƙarin da masu haɗa iri suka yi. Duk hoton da kuka gani shuɗi kamar bula, kwamfuta ce ta rina shi. Ko da ƙwayar ta gaske ce, ba ta haifar da irin uwarta, kowace ƙwaya sabon abu ce, kuma sai an jira shekara ɗaya zuwa uku kafin a ga me ta ƙunsa. Wanda ke son iri takamaimai sai ya sayi rabin gindi. Mai niyyar shigo da shi daga waje kuma ya bi ta hukumar killace tsirrai da dabbobi ta ƙasarsa, a Najeriya ita ce NAQS, ya karɓi izini. Ta hanyar safarar tsirrai cutar tsatsa ta tsallaka teku, bai kamata jakar wani matafiyi ta zama sanadin ɓata lambunan maƙwabta ba.

Idan an samu iri nagari, dashensa ba shi da wahala. Lokaci ne ya fi komai. A bari damina ta zauna, ƙasa ta huce, sannan a dasa. Dashen bazara kashe shuka ne. Wuri kuma ya zama mai samun rana kamar awa shida a kan tudu, a ƙasar zafi kuwa ranar safe ta wadatar. Ba ta son inda ruwa ke kwanciya. Idan ƙasar gidanku laka ce mai riƙe ruwa, a ɗaga kunya a gauraya da yashi da ruɓaɓɓen taki. Idan jigawa ce mai zubar da ruwa, takin ne dai zai riƙe mata danshi. Takin shanu ko na awaki da ya kwana biyu ya huce shi ake so. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

A haƙa rami mai faɗi, kamar santimita 30 zurfi, a tara ƙasa a tsakiyarsa ta yi tudu. A rage tsawon ganyen da wuƙa mai tsabta ya koma santimita 15 zuwa 20, don kada ya riƙa zuƙe ruwan da saiwar ba ta fara sha ba. Sai a ɗora shukar a kan tudun, a baje saiwoyin su sauka ta kowane gefe, a riƙe ta da hannu ɗaya, ɗayan yana mayar da ƙasa yana dannawa a hankali. Wuyan kada ya nutse fiye da santimita 2 ko 3. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, mutum ya binne ta da zurfi don yana ganin ya kyauta mata, sai ta ƙi fure ko ta ruɓe. A bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin gindi da gindi, a ba ta ruwa ta ƙoshi.

Daga nan ban-ruwa mai nitso sau ɗaya ko biyu a mako ya fi yayyafi kullum, kuma a zuba a gindi da safe, a bar ganye a bushe, domin jiƙaƙƙen ganye da dare shi tsatsa ke so. Lokacin da ta fara ɗaga kara da ƙulli ta fi bukatar ruwa. A lulluɓe ƙasa da ɓawon gyaɗa ko buntun shinkafa don ta yi sanyi, amma a janye shi kaɗan daga wuyan, a kuma riƙa ɗagawa ana duba gara. Takin zamani kaɗan ya isa a farkon damina. Wanda ya cika mata yuriya zai sami ganye ya rasa fure. Uwargida mai son tsabta tana iya tsinke furannin jiya kowace safiya, hakan na hana ta ɓata ƙarfi wajen yin ƙwaya. Sai dai a kula da tufafi, masu launi mai duhu suna rini. Mai awaki a gida kuma ya yi shinge tun kafin dashe. A Amurka barewa ce ke cinye ƙullin a dare ɗaya, ban ga dalilin da akuya za ta ɗaga masa ƙafa ba.

Bayan shekara uku zuwa biyar gindi zai cushe, fure ya ragu. Sai a tono shi gaba ɗaya, a wanke ƙasar da ruwa har saiwoyi su bayyana, a murɗa a raba mafici biyu-biyu ko uku-uku, a bar raunin ya sha iska a inuwa na yini guda, a sake dasawa. Wannan shi ne abin da na fi so game da shukar nan. Sau ɗaya ake sayenta. Gindi ɗaya nagari zai cika layi a gidanka, ka ba 'yar'uwarka, ka ba maƙwabci, kuma duk wanda ka ba ya sami irin da aka riga aka gwada a unguwarku.

Gargaɗi biyu kafin lokaci ya cim mana. Na farko ga masu kiwon mage. Likitocin dabbobi sun tabbatar furen-yini guba ne gare ta, ko ɗan ganye ta tauna, ko ta lashi garin furen da ya maƙale a gashinta, yana iya lalata mata ƙoda cikin kwana biyu zuwa uku. Gidan da ke da kyanwa ya haƙura da wannan fure. Na biyu, don kun ji ana cinsa a Sin, kada wani ya tsinko na ado ya jefa a miya. Can iri na musamman suke nomawa, kuma hukumomin lafiyarsu da kansu suna gargaɗi cewa ɗanyensa na kawo amai da gudawa idan ba a sarrafa shi yadda ya kamata ba. Ga kuma haɗarin rikita shi da wasu furanni masu kama da shi waɗanda ke da guba.

Saboda haka, mai sauraro, idan kana Jos ko Mambila ko wani gari mai sanyin dare, nemi marar barci guda biyu ko uku daga lambun da ke kusa da kai, ka gwada su damina biyu kafin ka ƙara ko sisi. Idan kana ƙasar zafi kuma ba ka da inuwar la'asar da ruwan da za ka ba shi a bazara, bar shi, ka shuka boganbiliya ko kariyarmu ta gida, waɗanda rana ba ta dame su ba. Kuma ko ina kake, kada ka biya kuɗin furen-yini sai ka riƙe saiwarsa a hannunka ka duba bayan ganyensa.